Tallan da ya addabi kwamfutar gidanmu ya ƙi fita, wa ya taɓa fama da irinsa?

Baban Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan halin ya faɗa min yadda ya fita. Laftof ɗin gida ce, Windows 10, ni da maman yara da yaran duk ita muke taɓawa. Yau kwana tara kenan da an kunna ta, tun ba a danna komai ba Chrome zai buɗe kansa ya kai ka shafin caca, kana rufewa wani ya leƙo ta lungun dama daga ƙasa wai kwamfutarka ta kamu da cuta maza danna nan. Jiya kam abin ya kai ni maƙura, yarinya tana aikin makaranta sai ga hoton wata ba sutura a fuskar na'urar, ga ni zaune da baƙo a falo, wlh na rasa inda zan sa kaina. Na goge duk manhajar da ban gane ba, na yi sikanin da Defender, riga-kafin da ke zuwa da Windows, ya ce lafiya lau, gari na wayewa abu ya dawo kamar ban yi komai ba. Datar da take mana wata guda ko sati biyu ba ta yi ba.

Mai Shagon Buga Takardu:
Wa alaikumussalam Alhaji. Inaga naka ciwo biyu ne ba ɗaya ba. Wancan mai leƙowa ta lungu ba cuta bace, wani a gidan ne ya shiga wani shafi aka tambaye shi ya danna Allow, shikenan ya ba su izinin turo maka sanarwa, shi yasa Defender bai ga laifi ba. Ka rubuta chrome://settings/content/notifications a inda ake sa adireshi, duk shafin da ba ka sani ba ka toshe shi. Minti biyu an gama.

Na biyun, mai buɗe birauza da kansa, shi ne ɗan banzan, sati uku na yi ina kokawa da shi a kwamfutar da nake kai wa gida. Na sauke AdwCleaner, kyauta ce, ta Malwarebytes ce tun da suka saye ta a 2016, ta kwaso tarkace ta share na ce Alhamdulillah, ina sake kunnawa ya dawo. Na sake, ya sake. Ashe ganye nake ta yankewa saiwar tana cikin Task Scheduler, wato inda Windows ke ajiye ayyukan da zai riƙa yi da kansa a kan lokaci. Ka danna maɓallin Windows da R tare ka rubuta taskschd.msc, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma kar ka tsaya kan suna domin nawa sunan sabunta birauza ya ara ya yafa, sai da na shiga Actions na ga umarnin da ke ciki adireshin shafin talla ne, an saita shi duk awa ɗaya. Ina goge shi gida ya yi tsit.

Maman Biyu:
Ni dai kar wanda ya ce maka ka ruga fomat. Haka aka ce min na kai wa wani mai gyara, ya wanke ta tas har da hotunan sunan 'yan biyuna da na ce ya ajiye min ya ce ya manta, har yau abin na min ciwo. To wai kuma na dawo gida na shiga Gmail ɗina a Chrome, ko sallar isha'i ba a yi ba tallan ya dawo. Ƙanina ne ya gano, ashe wani ɗan ƙarin birauza ne mai sunan canza takardu zuwa PDF, yana liƙe da asusuna, duk kwamfutar da na shiga da shi Chrome zai sake kawo min shi da kansa. Daga chrome://extensions ya cire shi ina cikin asusun, bai ƙara dawowa ba. Kuɗina da hotunana sun tafi a banza.

Ɗan Foli:
Hajiya kin yi sa'a naki ya yarda ya ciru. Nawa maɓallin cirewar ma babu shi, kuma a ƙasan menu an rubuta wai wata ƙungiya ce ke kula da birauzata, ni da nake ɗakin haya ni kaɗai wace ƙungiya kuma. Laifina ne kam ba zan ɓoye ba, manhajar kuɗi na sauke ta sata, bayanin ya ce sai na kashe riga-kafi kafin na girka, ni kuma na kashe da hannuna. Abin da suke yi shi ne amfani da ƙofar da aka yi wa kamfanoni don su tilasta wa ma'aikata wasu saituna, in ka buɗe chrome://policy za ka ga abin da aka ƙaƙaba maka. Ni sai da na shiga Safe Mode, ka riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot har zuwa Startup Settings ka danna 4, a nan yawancinsu ba sa tashi balle su kare kansu, na goge abin da ke ƙarƙashin Policies na Chrome a rajistar Windows, wato inda Windows ke ajiye saituna, sannan ya saki. Amma Baba in ba ka saba da rajista ba kar ka shiga kai kaɗai, a nemo wanda ya iya ya zauna kusa da kai.

Ɗan Kasuwar Hatsi:
Ku kuna ta talla, ni talla ai da sauƙi tunda kana ganinsa. Nawa shiru ya yi min. Ranar wata Juma'a aminina ya kira ni wai nawa zai turo, na ce na me, ya ce ba kai ka rubuto min a Facebook an kwantar da mahaifiyarka ba. Na zauna a kwamfutar nan na canza kalmar sirri, kwana biyu suka sake shiga, domin ɓarawon yana cikin ɗakin ina canza kwaɗo a gabansa. Don haka shawarata daga waya za ka canza, imel tukuna don shi ne uwar sauran, ka kunna tabbaci mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida kamar lambar da ke zuwa wayarka, ka fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun. Abin da ya kamo nawa kuwa Microsoft Defender Offline ne, yana cikin Windows Security wajen zaɓin sikanin, zai kashe kwamfutar ya bincike ta tun Windows bai tashi ba, wajen kwata ɗin awa yake ɗauka, a tabbatar akwai caji. Duk da haka ni daga baya na yi fomat ɗin, zuciyata ta ƙi kwanciya, da hannuna dai na kwashe takarduna tukuna.

Maman Biyu:
Ai in satar sirri ce ban ja da kai ba Alhaji, a wanke ɗin. Amma saboda talla kawai a'a.

Mai Shagon Buga Takardu:
Na manta, ka danna dama a kan alamar Chrome ta fuskar kwamfuta ka shiga Properties, layin Target ya kamata ya ƙare da chrome.exe, in ka ga an liƙa wani adireshi a bayansa ka goge. Kuma Windows 10 ɗin nan tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum, ka duba ko naka zai ɗauki 11.

Baban Yara:
Jama'a na gode Allah ya saka da alheri. Sanarwa shafi goma sha ɗaya na samu an ba izini, na toshe. A Task Scheduler ɗin kuma na samu guda biyu, ɗaya yana tashi duk sanda aka shiga kwamfutar ɗaya duk minti talatin, na goge na bi da AdwCleaner, yau kwana uku ba motsi. Babban yaron ya amsa cewa shi ya sauke wasan ƙwallo daga wani shafi, na buɗe musu nasu asusun wanda ba ya iya girka komai sai da kalmar sirrina, yana ta kumbure-kumbure. Saura na maman yara, ta ce ita ba za ta canza kalmar sirrin Facebook ba wai wannan ɗin kaɗai take iya riƙewa, in da mai dabarar shawo kanta ina saurare.