Inganci ne ya ɗaga IBM PC, ko suna?

Malam Sani: Ni ina nan a kan bakana. Kwamfutar IBM PC ta 1981 ta mamaye ofisoshin Amurka ne don ta fi sauran inganci. Intel 8088, wato guntun da ke sarrafa lissafi, ke cikinta, mai iya aiki da ƙwaƙwalwar ajiyar bayanai har megabait 1 (kilobait 1,024), alhali kwamfutoci masu guntun Z80 da 6502 kilobait 64 ce iyakarsu.

Hadiza: Allah gafarta Malam, wannan a takarda ne. IBM PC ɗin da aka sa wa dala 1,565 kilobait 16 kacal gare ta, babu allo, babu mazubin faifan ajiyar bayanai. Kwamfutar Osborne 1, sa'arta a shekara, ta zo da kilobait 64, mazubin faifai biyu, da manhajar rubutu WordStar da ta lissafi SuperCalc, duk a dala 1,795.

Malam Sani: Mai allon nan inci 5? Wane akawu ne zai wuni yana ƙura wa wannan ido?

Baba Garba: Ku bar Osborne. Lokacin da nake karatu a Ingila na yi aiki da kwamfutar Sirius 1, wadda Amurkawa ke kira Victor 9000, ƙirar Chuck Peddle. Faifanta mai fuska biyu megabait 1.2 yake ɗauka, na IBM na farko kilobait 160. Allonta ɗigo 800 a kwance, 400 a tsaye, rubutu tangaran. Har yau ina jin kukan mazubin nan, yana sauya murya saboda gudun faifan na canzawa. Wallahi ta fi IBM, kuma ina ta ƙare?

Musa: Gaskiyar Baba ce. Manaja ba ya tsoron sa hannu a takardar sayen kayan IBM, sunan ya sani tun zamanin manyan injuna. Sannan kayan cikin IBM PC na kasuwa ne, shi ya sa kamfanin Compaq ya fito da mai kama da ita a 1983, wasu suka biyo. Sirius kuwa ko faifan IBM ba ta karantawa.

Malam Sani: To manhajar lissafi Lotus 1-2-3 fa, ɗana? Irinta VisiCalc a kan kwamfutar Apple II wuri yake ƙare mata in lissafi ya yi yawa. Faɗin ƙwaƙwalwar 8088 ne ya ba Lotus fili a 1983. Wannan ba suna ba ne.

Hadiza: Na yarda da wannan, Malam. Amma Sirius ɗin Baba ma 8088 ɗin ce a cikinta, kuma bai cece ta ba.