Ɗana mai emasi ya faɗi a lakwal, yanzu direkte na son in sa hannu wai ba ruwansu

Baban_Hamza, Yamai

Salamu alaikum ƴan uwa. Don Allah ƴan likita da waɗanda suka san doka ku ba ni shawara, raina a ɓace yake kuma ba ni son in yi abin da zan zo ina da na sani.

Ɗana shekarunshi 11, CM2 yake a wata lakwal mai zaman kanta nan Yamai, ba zan faɗi sunanta ba. Shina da emasi, wato amosanin jini, SS, tun shina shekara 2 muka sani, a cibiyar masu amosanin jini ta nan Yamai muke bin shi kuma kullum shina shan ƙwayarshi. Ran talatar da ta wuce kun ga irin ɗarin da aka tashi da shi, ga hazo, mushen espor ya hiddo su ƙarhe 8 ya sa su zagayen hili da gudu. Yaro ya ce ƙahwarshi na ciwo, mushe ya ce ragwanci ne. A zagaye na ukku ya zube ƙasa shina kuka. Suka ɗauke shi suka kai wani ɗaki da suke ce ma anfirmiri, wanda kowace rantire sai mun biya jika biyat dominshi, in ka leƙa gado ɗaya ne da kabad da wata mata wadda ni dai ban taɓa ganin ta da farar riga ba. Ta zazzago ƙwaya biyu daga wata kwalba da ba ta da takarda ta ba shi ta ce ya kwanta. Tun ƙarhe 9 har 1 da na zo ɗaukarshi da moto ba wanda ya kira ni, alhali lambata da ta uwarshi suna nan shafin farko na kayenshi. Na tarar da jiki zahi rau, ido ya yi ɗorawa, ko tsayuwa bai iyawa. Kwana ukku muka yi a likita ana ƙarin ruwa, dokta ya tambaye ni wace ƙwaya aka ba shi na yi tsuru-tsuru.

Don kar in ci haƙƙinsu, ban taɓa gaya ma lakwal shina da ciwon ba. Uwarshi ce ta hana, don a lakwal ɗin da ya baro da aka sani sai yara suka daina cin abinci da shi.

Jiya na je wurin direkte, ko sannu bai ce mini ba sai ya turo mini takarda wai desharji, in sa hannu duk abin da ya samu yaron cikin lakwal ba ruwansu, in ba haka ba in nema mishi wani wuri, a tsakiyar shekara, shekarar jarabawa. Madam ɗin ajinsu kuma ta riga ta sanar ma aji duka, yau ya ƙi tahiya wai ana ce mishi mai ruɓaɓɓen jini. To in sa hannu ko kar in sa? Suna da ikon korarshi? Kuma wa ya ba matar nan izinin ba ɗana magani?

Majo_Ader, Tawa

Wa alaikumus salam Baban Hamza, Allah shi ƙara ma yaro lahiya. Na yi shekaru ina majo a CSI, ƙaramar likitar gwamnati, kahin in aje aiki, bari in gaya maka abin da ya hi tada mini hankali cikin labarinka. Ba ƙwayar ba ce, awa huɗun nan ne. Mai emasi in jikinshi ya yi zahi ya kai 38,5 ba a kwantar da shi a jira tashi, likita ake nuha da shi nan take, don saiharsu ba ta aiki yadda ya kamata, cutar da wani yaro zai kwana biyu da ita ya miƙe su tana iya kayar da su cikin yini guda. In ciwo ya hau ƙirji ko numhwashi ya yi wuya to wannan ma ya hi. Kuma ko ba su san da emasi ba, yaron da ya faɗi shina kuka ya kasa tsayuwa ai kiran uwaye ake yi, wanga bai bukatar diploma.

Ƙwayar kuwa wataƙila parasetamol ce, ita suka hi aje ma yara. To ita ma da nauyin yaro ake auna ta, miligiram 15 ga kowane kilo, kuma sai an bar awa 6 tsakani. A ce da sahe uwarshi ta riga ta ba shi kahin shi hita, matar nan ta ƙara mishi biyu na manya ba ta tambaya ba, hanta ce ke biya. Shi ya sa mu aka koya muna komi ka ba mutum ka rubuta cikin rajista, suna, lokaci, abin da ka ba shi da yawanshi. Ka koma ka ce su nuna maka rajistar anfirmirin da kwalbar, ka kuma tambayi takardar matar, IDE ce, wato anfirmiya mai diploman gwamnati, ko ASB, ƙaramar ma'aikaciyar lahiya, ko kuwa ƙanwar mai lakwal ce aka samar ma wurin zama. Kwalba marar suna ni ƙwayar ƴan tebur take tuna mini.

Amma ɗan uwa kai ma ka yi kuskure, ka yi haƙuri. Ɗari, gudu, ƙishirwa, su ukkun nan su ne ke tada ciwon, kuma duk suka haɗu ma yaron sahiya guda don ba wanda ya sani.

Mushe_Issa

Na gode Majo da ka faɗi ta ƙarshen nan. Kullum mu ne da laihi. Ni lakwal ɗin gwamnati nake, ajina yara 83, in na ce espor rabinsu ciwon ƙahwa ke kama su, yaya zan gane na gaskiya in uba ya ɓoye mini? Da ya faɗa wallahi ba mushen da zai sa shi gudu cikin hunturu.

Maganar wa ya ba da izinin ba da magani kuwa dariya ta ba ni. Lokacin rabon maganin tsagiya ai mu ake tarawa a yi muna horon yini guda a ba mu sandar awon tsawo da kwalin parazikantel a ce ku ba yara, mu tsaida su layi mu auna mu ba su, wanda bai karya ba ya yi ta amai da jiri uwaye su zo su zage mu. Ran nan mu likitoci ne. Ran da yaro ya ce kaina na ciwo kuma in ka ba shi rabin parasetamol ka taka doka, in ka ƙi ba ka da imani. Mu ba mu da ma ɗakin, akwatin magani guda ne a ofis ɗin direkte da COGES, kwamitin kula da lakwal, ta saya, cikinshi auduga da betadin da bandeji, in abu ya hi ƙarhinmu sai dai wani ya goya yaro bisa moto zuwa CSI, can kuma kyautar magani ta ƴan ƙasa da shekara 5 ce, ɗan CM2 sai an biya, sau nawa na cire daga aljihuna.

Abin da madam ta yi dai ban goyi bayanta ba, wanga sakin baki ne.

Nana_Aboka

Baban Hamza kar ka sa hannu. Karɓi takardar ka ce za ka karanta a gida, ka yi mata hotokopi ka aje, gobe ita ce shaidarka cewa sun yi maka barazanar kora.

Ko ka sa ma ba za ta wanke su yadda suke zato ba. Kundin dokokin farar hula da muke aiki da shi, wanda muka gada daga Faransa, aya ta 1382 da ta 1383 sun ce wanda ya jawo ma wani cuta da laihinshi, ko da ganganci ko da sakaci, sai ya biya diyya. Kundin hukunci kuma ya tanadi horo ga wanda ya ji ma wani ciwo ta hanyar sakaci da wanda ya ga mutum cikin haɗari ya ƙi kai mishi ɗauki alhali shina iyawa, kuma babu desharjin da ke goge laihi irin wannan, ba a yarjejeniya a kanshi. Daga lokacin da yaro ya shiga ƙohwar lakwal har ya hito amana ne hannunsu.

Sai dai Mushe Issa na da gaskiya wuri guda, in aka je gaban zuzu lauyansu zai ce uba ya ɓoye, kuma kan maganar gudun hujja ce mai ƙarhi. Inda ba su da mahita shi ne rashin kiran da ƙwayar da ba su san ko ta dace da shi ba. Can za ka tsaya, ka bar mushen espor.

Kora kuwa, dokar tsarin ilimi, LOSEN, ta 1 ga Yuni 1998 ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan Nijar ne, kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990. Lakwal mai zaman kanta da izinin gwamnati take aiki, anspekte na da iko bisanta, ba shagon mutum ba ne da zai ce ba ni sayar maka. Ka duba ma, da yarinya in ta yi ciki korarta ake yi kai tsaye, dokar Disamba 2017 kan kare yarinya mai karatu da ƙudurin ministoci na 2019 suka buɗe mata hanyar komawa aji. To yaro mai ciwon gado da ba ya kama kowa da mi za a kore shi?

Sirri kuma, ma'aikacin lahiya in ya hidda ciwon mutum waje laihi ne a kundin hukunci. Ka bincika ta bakin wa madam ta ji. In daga anfirmirin ne maganar ta yi nauyi, in daga direkte ne ka sa shi cikin ƙorahin da za ka kai anspeksiyo. Shawarata ka fara da can, takarda rubutatta da kwanan wata, haɗe da takardar dokta ta kwana ukkun da rasit ɗin jika biyat ɗin. Kumsariya da gidan shari'a suna nan in ta ƙi.

Hajiya_Maman_Fati

Ƙanena ka gaida mini matarka ka ce mata na san abin da take gudu, ni ma ɗiyata SS ce, yanzu tana kolej. Na ɓoye shekara biyu har ran da wata madam ta hana ta hita hitsari ta yi shi zamne cikin aji, su kuwa ka san ruwa suke sha da yawa kuma ƙodarsu ba ta riƙewa, to ran nan na ce ɓoyon nan ni yake ma amfani ba ita ba.

Abin da nake yi kowace rantire, in je wurin doktanta ya rubuta mini shahi guda da hatiminshi: ta zamna da gorar ruwanta cikin aji, ta hita bayi ba sai ta roƙa ba, ba gudu ba bulala ba tsayuwa cikin rana, da ɗari a bar ta da rigar sanyi ko ba kalar tenin lakwal ba ce, in ciwo ya taso ga ƙwayar da za a ba ta da yawanta, a sa mata tsumma mai ɗumi ba ƙanƙara ba, in jiki ya yi zahi a kira ni a wuce da ita likita ba sai na iso ba. Lamba ukku nake sawa. In kai ma direkte shi sa hannu ni in sa, shi guda ni guda, in ce mishi wanga tsakanina da kai da malamin ajinta da na espor ne, in na ji a bakin yara kai zan tambaya. Wani direkte ya taɓa ce mini ai irin PAI ɗin Faransa ce, takardar yarjejeniyar kula da ɗan lakwal mai ciwo, kika kawo muna, na ce ni dai takardar ɗiyata ce. Da bakin fatar baki na gwada, mushe na canzawa magana ta bi iska.

Kuma ka kai maganar ɗakin nan gaban APE, ƙungiyar uwayen yara, ba kai kaɗai ke biyan jika biyat ba.

Dan_Talladje

Anfirmiri manya. Ƙasar da yara kusan 20 suka ƙone cikin ajin zana a Pays Bas cikin Afrilu 2021, wata bakwai bayan nan na Maraɗi suka bi, sannan aka hana sa ƴan jardan cikin zana. A 2015 ma sai da sanƙarau ya ci mutane aka ruhe lakwal-lakwal ɗin Yamai aka shiga rigakahi. Mu sai an yi gawa ake rubuta doka. Baban Hamza canza mishi lakwal kawai ka huta.

Hajiya_Maman_Fati

Ya canza ya kai shi ina cikin Janairu, kuma can ma ya sake ɓoyewa? Ɗana bar wannan magana.

Baban_Hamza, Yamai

Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Majo na karɓi laihina, na karanta ma uwarshi abin da Hajiya ta rubuta ta yi shiru ba ta ce komi ba, amma da sahe ita ta hiddo karnen likitar yaron ta ce mu je wurin dokta.

Na koma lakwal ban sa hannu ba, na ce ina son ganin rajista da kwalba. Rajista babu. Kwalbar kuma wai ta ƙare an yar. Da na ambaci anspeksiyo sai murya ta sauka, direkte ya ce ai desharjin ba dole ba ce kowa ake ba, ya ce in kawo takardar dokta mu zamna ran litinin tare da shugaban APE. Matar ɗakin ban gan ta ba, an ce ta yi tahiya. Abin da ya rage mini yanzu yaron ne, har yau ya ce shi ba ya komawa ajin madam ɗin nan, CM2 ɗin kuma guda ce tak a lakwal ɗin.

Majo_Ader, Tawa

Ran litinin ka tahi da wani babba naka shi zama shaida, duk abin da aka yanke a rubuta kahin ku tashi. Ka kuma roƙi dokta cikin takardar shi ƙara layi guda cewa ciwon ba ya yaɗuwa, madam ita da ta ɓata ta tsaya gaban aji ta karanta shi da bakinta, Hamza na gida ran nan in shina so.