Yaya zan ba baƙo zaɓi da Turanci cikin ladabi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da na fara aiki a wani gidan abinci a Abuja. Jiya wata baƙuwa ta zauna, na ce mata "You want rice or yam?" Ta ɗago ta kalle ni, ta ɗan yi jim kafin ta amsa. Da ta tafi, mai kula da mu ya ja ni gefe ya ce maganata ta yi kaushi. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don a gidanmu ko ruwa za ki miƙa wa baƙo sai kin rusuna. Don Allah ku koya mini yadda ake faɗa.

Wani malamin Turanci: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kwantar da hankalinki, gyaran kaɗan ne. Ki ce "Would you like rice or yam?" Kalmar "would" ita ke tausasa maganar, kamar bambancin "me kike so?" da "ko a kawo miki shinkafa?" Idan aiki za a zaɓa ba abu ba, sai ki sa "to" kafin aikatau: "Would you like to sit inside or outside?" Haka "Would you prefer rice or yam?" ma daidai ne, musamman idan kin riga kin san mutum abinci zai ci, zaɓin kawai ya rage.

Wata 'yar'uwa: Malam ya gama magana, amma ki kula da murya. Ki ɗaga ta a kan "rice", ki sauke ta a kan "yam". In kika ɗaga a ƙarshe, tambayar ta koma ta e ko a'a. Na taɓa tambayar wani baƙo "tea or coffee?" da murya sama, ya ce mini "Yes, please", ni kuma ina tsaye da kofi a hannu ban san me zan zuba ba. Mu da kunnenmu ya saba da hawa da saukar murya a Hausa, ba zai ba ki wuya ba.

Wani ɗan'uwa: Ni dai a ganina "Do you want" ba laifi ba ne tsakanin abokai ko a gida. Wajen baƙo ne bai dace ba, balle a yanke "do" ɗin. Ki ƙara da "ma" ko "sir", ki saki fuska.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, wajen biyan kuɗi fa? Na ji wata tana cewa "Would you rather to pay cash?"

Malamin: Wannan kuskure ne, kada ki ɗauka. "Rather" ba ta tafiya da "to". Ki ce "Would you rather pay cash or by transfer?" Mutane na cakuɗa ta da "prefer", wadda ita ke karɓar "to".

Mai tambaya: To in abincin uku ne?

'Yar'uwar: "Would you like rice, yam or spaghetti?" Sama, sama, sannan ƙasa. Ki maimaita shi da ƙarfi yau da dare kafin ki kwanta.