Wane suna za mu ba biodiesel: dizal ɗin maiƙo ko bayodizal?

Assalamu alaikum. Masu rubuta labaran kasuwanci da masu fassara su, ku matso kusa. Maganar biodiesel ta fara yawa a shafukan tattalin arziki, kowa kuma da abin da yake kiransa. Wannan ya ce man gas na tsirrai, wancan ya ce koren dizal, wani ya bar shi da Turancinsa ya wuce. Ina so mu tsayar da suna ɗaya, zan kuma amsa shawarwarin da wasunku suka kawo ɗaya bayan ɗaya, amma sai mun fara ganin abin da za a raɗa wa sunan.

Ga yadda ake yin sa. A samu mai ko kitse: manja, man waken soya, kitsen shanu, ko man da aka gama suya da shi. A zuba masa metanol, wani sinadari dangin barasa, da 'yar soda irin ta masu haɗa sabulu, a ɗumama, a yi ta juyawa. In aka bar shi ya kwanta sai ya rabu gida biyu, kamar kunun da ya kwana. Na sama garai-garai mai ruwan zuma, shi inji zai sha. Na ƙasa mai kauri da duhu, gilisarin ke nan. Kilo 100 na mai da kimanin kilo 10 na metanol suna ba da kimanin kilo 100 na man inji da kilo 10 na gilisarin. Abin da ka zuba shi za ka kwasa, masana'anta ba ta ƙara auki. Shi ya sa kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin da take kashewa a sayen ɗanyen man yake tafiya.

Saboda haka ni "dizal ɗin maiƙo" na zaɓa. Maiƙo ya kwashe manja da kitse da ragowar man suya gaba ɗaya, kuma mai niyyar zuba jari da ya ji sunan ya san farashin da zai fara tambaya.

Malam, na ga ka tsaya a kan "man gas na tsirrai". Allah ya gafarta Malam, gas ɗin nan ya yi mana yawa. Direban tirela ya ce gas yana nufin dizal, uwargida ta ce gas tana nufin tukunyar girki, yanzu kuma ga motoci masu amfani da iskar gas. In ka tsallaka Maraɗi ko Damagaram, gazuwal za ka ji. Sannan tsirrai ya bar kitse a waje, ga shi kuwa kitse da tsohon man suya su ne ake wawa a kansu. Tarayyar Turai tana ƙirga man da aka yi da ragowar suya ninki biyu a lissafin abin da ta wajabta wa kamfanonin mai, har aka yi ta zargin cewa wasu na sa wa sabon manja takardar tsohon mai don su ci wannan garaɓasa. A 2024 ta ɗora haraji kan wanda ake shigo mata da shi daga Sin, bisa zargin karya farashi. Da wane baki za mu ba da wannan labari in sunanmu ya ce tsirrai kaɗai?

Masu cewa "koren dizal" ko "dizal mai sabuntuwa", a nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne kuɗin mutum zai iya salwanta. Waɗannan laƙubba biyu a kasuwar duniya sun riga sun yi mai su. Wani mai ne daban da ake kira HVO. Ɗanyen kayansu ɗaya, amma shi ba metanol ake zuba masa ba, a matata ake sarrafa shi da iskar haidirojin cikin zafi da matsi, ya fito kusan daidai da dizal ɗin da aka saba. Ana iya ɗura shi zalla, kuma ya fi jure sanyi. Namu kuwa yawanci sai an gauraya shi, a gidajen man Turai kashi 7 cikin 100 aka saba. Kamfanin Neste na Finlan shi ne kan gaba a HVO, yana da matatu a Porvoo da Rotadam da Singafo. A Amurka kuma tun farkon 2023 ƙarfin matatun HVO ya zarce na masana'antun biodiesel. Dukansu kitse ɗaya da man waken soya ɗaya suke nema, kuma mai babbar matata ya fi ƙaramar masana'anta zurfin aljihu, shi ke ɗaga farashi ya bar ta da injuna a kashe. Wanda ya karanta "koren dizal na bunƙasa" a rubutunmu ya je ya sayi hannun jarin ƙaramar masana'antar, mu muka kai shi muka baro. Shawarata a kira HVO "tataccen dizal ɗin maiƙo", tunda daga matata yake fitowa.

Ban da haka, kore a kunnen Bahaushe launi ne kawai, zai zaci man ne kore shar. In ma an fahimce shi a matsayin yabo, to yabon da saura. Sare dazukan tsibiran Sumatara da Borniyo na kudu maso gabashin Asiya don gonakin kwakwar manja na cikin abin da ya sa Turai ta ce nan da 2030 za ta daina lissafa man da aka yi da manja.

Baba ya tambaya ko ba man gyaɗa ba ne kawai, tunda ya ji an taɓa tayar da inji da shi. Ranka ya daɗe, haka ne, an yi a baje kolin Faris na 1900. Sai dai wancan ɗanyen mai ne, kuma kaurinsa yana toshe injunan yanzu. Dabarar sirka shi da sinadari daga baya ta zo, wani masani a Beljiyam mai suna Chavanne ya yi rajistarta a 1937, da manja ma ya gwada. Tambayar taka kuma ta taɓo ainihin ciwon. A aiki yaro kasuwar Singa ya tayo jarkar man gyaɗa, ya biya ta gidan mai ya tambayi jarkar dizal. Wa zai ɗauki mai tsada ya sarrafa ya sayar a farashin mai araha? Najeriya ta fitar da manufarta tun 2007 da burin gauraya kashi 20, amma ƙasar da manjan miya ma sai ta ƙaro daga waje, da me za ta cika tanka?

Inda harkar ta tsaya da ƙafarta, doka ce ta tsayar da ita. Indonesiya ta wajabta gauraya kashi 30 a 2020, ta kai 35 a 2023, sannan 40 a 2025, kuma harajin da take karɓa kan manjan da ake fitarwa shi ke biyan ratar farashin. Barazil da waken soyarta ta kai kashi 15 a watan Agustan 2025. Amurka ta daɗe tana yafe dala ɗaya ta haraji kan kowane galan da aka gauraya, rangwamen ya sha ƙarewa ana sabunta shi daga baya, har ya ƙare a ƙarshen 2024 aka kawo wani tsari da ke duba yawan hayaƙin da aka rage. Mai zuba jari a nan alƙawarin gwamnati yake saye, gwamnati kuwa tukunyar talaka take fara dubawa: da man girki ya yi tsada a 2022, Indonesiya ta rufe fitar da manja na sama da mako uku. Lambobin B30 da B40 da ake kiran waɗannan gauraye da su ba sa buƙatar wahala, mu ce "gaurayen kashi 30", "gaurayen kashi 40".

Hajiya, "man bini da zugu" da kika kawo ba zai yi ba, shuka ɗaya ce cikin da yawa, kuma ta ci kuɗin mutane. Wajejen 2007 aka yi ta kururuta cewa za ta yi 'ya'ya a fako ba ruwa ba taki. Mu da muke shinge da ita mun san tana rayuwa a fako, amma rayuwa daban, cika buhu daban. Kamfanin mai na BP ya shiga haɗin gwiwar nomanta da kamfanin D1 Oils a 2007, ya fice a 2009. Wani kamfanin nomanta mai suna Sun Biofuels ya durƙushe a Tanzaniya a 2011.

Ɗan'uwan da ya ce maiƙo na iya sa a zaci "harka mai maiƙo" ake nufi, ka ba ni dariya. Maiƙon tukunya muke nufi, na aljihu sai ratar farashi ta yarda. Amma na karɓi ɗaya hujjar taka: mai neman bayani a intanet ko mai karanta takardar kwangila dole ya gane kalmar da duniya ke amfani da ita. To mu raba. A ambato na farko a rubuta "dizal ɗin maiƙo, wato bayodizal", daga nan a ci gaba da na Hausa. 'Yan'uwa na Nijar su ce gazuwal ɗin maiƙo, ba a rasa komai ba. Ga gwaji: "Indonesiya ta koma gaurayen kashi 40 na dizal ɗin maiƙo, abin da zai rage manjan da take fitarwa kasuwar duniya."

Saura gilisarin. Masu haɗa sabulu da man shafawa, me kuke ce masa in kun je saye a shago?