Manhajar kanti da na rubuta da Python tana sandarewa, kuma ta ƙi buɗewa a wata kwamfutar

Ɗan_Kurmi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimako kan wata manhajar lissafin kayan kanti. Da Python 3.12 na rubuta ta, Tkinter ne fuskarta, SQLite kuma ke riƙe bayanai.

Idan aka danna maɓallin shigo da kaya daga fayil ɗin CSV mai layi kusan dubu 10, sai taga ta yi fari, Windows ta rubuta "Not Responding", sai bayan kamar minti uku ta dawo hayyacinta. Sannan na haɗa ta ta zama fayil ɗin exe da PyInstaller da `--onefile --windowed`. A kwamfutata tana buɗewa, amma duk abin da aka shigar yau, gobe babu shi. A kwamfutar kantin kuwa ko buɗewa ba ta yi. Ga kuma sunayen kaya masu ƙ da ɗ, a Excel sai "ƙwai" ya koma "Æ™wai". Ta ina zan fara?

Injiniya_Zazzau:

Wa alaikumus salam Malam. Bari in ɗauki ta sandarewar, don abu biyu ne suka haɗu a wurin.

Tkinter yana da zagaye guda ɗaya, wato `mainloop()`, shi ke karɓar duk saƙon da Windows ta aiko: an danna nan, an ja taga, a sake zana wancan. Aikin da ka ɗaura wa maɓalli a cikin wannan zagayen yake gudana, kuma har sai ya ƙare babu mai amsa wa Windows. Ita kuma idan taga ta yi daƙiƙa 5 ba ta karɓi saƙo ba, sai ta ɗauka ta mutu ta sa mata wancan rubutun. Manhajar tana nan tana aiki, ba ta da sararin amsawa ne kawai.

Amma kafin ka taɓa komai na zare (thread, wato gudanar da aiki a gefe ba tare da tsayar da taga ba), duba inda ka sa `commit()`, umarnin da ke tabbatar da ajiye bayanai a rumbu. Ina da yaƙinin a cikin `for` yake, kowane layi da nasa. Kowane `commit` yana jiran faifai ya tabbatar ya rubuta, kuma faifai mai juyawa sau 7200 a minti bai cika wuce irin wannan jiran sau 60 a daƙiƙa ba. Raba 10,000 da 60, ka ga minti ukun da kake faɗa. Tara layukan ka zuba su gaba ɗaya:

```
with con:
    con.executemany("INSERT INTO kaya VALUES (?,?,?)", layuka)
```

Wannan `with con:` zai yi `commit` sau ɗaya a ƙarshe, in kuma wani layi ya lalace ya janye duka, ba za a bar ka da rabin kaya ba. Aikin minti uku zai koma daƙiƙa ɗaya ko biyu. Za ka ga masu ba da shawarar `PRAGMA synchronous=OFF` don ƙarin sauri. Kada ka yi. Inda ake ɗauke wuta ba sallama, yankewar wuta a tsakiyar rubutu na iya lalata rumbun bayanan gaba ɗaya, kuma lissafin mutane ne a ciki.

Duk da haka ka fitar da aiki mai nauyi daga zagayen, don fayil ɗin gobe zai fi na yau girma. Ka buɗe `threading.Thread(target=shigo, daemon=True)`, ka ba shi `queue.Queue()` guda. Zaren aikin yana jefa adadin layin da ya gama a ciki, babban zaren kuma yana leƙawa da `root.after(100, duba)` duk bayan milisakan 100 ya motsa sandar ci gaba. Sharaɗi biyu ne ba a karya su. Zaren aiki ba ya taɓa wani abu na Tkinter, ko da `label.config()` ne, in ya taɓa, wata rana lafiya, wata rana `RuntimeError: main thread is not in main loop`, wata rana manhajar ta rufe kanta ba bayani. Na biyu, ya buɗe nasa `sqlite3.connect()` a cikin kansa. In ka miƙa masa na babban zare za ka ga "SQLite objects created in a thread can only be used in that same thread", kuma `check_same_thread=False` rufe bakin gargaɗin kawai yake yi.

Ka kashe maɓallin da `state="disabled"` har aikin ya ƙare. Mai kanti in ya ga shiru zai sake dannawa, sai kaya su shiga sau biyu.

Bakatsine:

Ƙari kaɗan a kan na Injiniya. Wasu na sa `root.update()` a cikin `for` don taga ta riƙa numfashi. Yana aiki a ido, amma yana buɗe ƙofar a danna wani maɓallin ko a rufe tagar alhali aikin farko bai ƙare ba, daga nan sai `TclError`. In rubutu kawai kake son ya sauya, `update_idletasks()` ya isa.

Malama_Kod:

Ɗan'uwa, ɓacewar bayanan nan ita ce ta fi damuna, don haka da ita zan fara.

`--onefile` ba ya gudana daga inda fayil ɗin exe yake zaune. Duk lokacin da aka buɗe shi yana kwance kansa ne a wata folda ta wucin gadi cikin `%TEMP%`, mai suna da ya fara da `_MEI`, idan an rufe kuma ya goge ta. In ka gina hanyar rumbun bayananka da `os.path.dirname(__file__)`, to a cikin wannan foldar yake, ana rufe manhaja ya tafi tare da ita. In kuma `sqlite3.connect("kanti.db")` kawai ka rubuta, yana bin foldar da aka tayar da manhajar daga cikinta, kuma SQLite ba ya ƙorafi in bai tarar da fayil ba, sabo fil yake ƙirƙira, babu komai a ciki. Ka raba fayilolinka gida biyu. Waɗanda ake karantawa kawai, irin su tambari da hotuna, ka sa su da `--add-data` ka nemo su ta `sys._MEIPASS`. Waɗanda ake rubutawa kuwa su zauna a wuri tabbatacce:

```
gida = Path(os.environ["LOCALAPPDATA"]) / "Kanti"
gida.mkdir(exist_ok=True)
DB = gida / "kanti.db"
```

Kada ka kai shi `Program Files`, mai amfani na yau da kullum ba shi da izinin rubutu a can.

Ƙin buɗewa kuma, ba za mu yi ta canki-canka ba, sai mun ga kuskuren da idonmu. `--windowed` ya ɓoye baƙar tagar da saƙon ke fitowa. Sake haɗawa ba tare da shi ba, kuma da `--onedir`, ka kai foldar kwamfutar kantin, ka buɗe `cmd` ka kira exe ɗin daga can don rubutun ya tsaya ka karanta. In `ModuleNotFoundError` ne, PyInstaller bai ga wani abin da ake shigowa da shi a fakaice ba. Duba fayil ɗin `warn-` da ke cikin foldar `build`, ka ƙara `--hidden-import`. In `'NoneType' object has no attribute 'write'` ne yake fitowa a mai `--windowed` kaɗai, wani wuri na rubutu zuwa `sys.stdout`, wanda babu shi idan babu baƙar taga.

Tun yanzu ka sa `logging` ya riƙa rubutu a fayil cikin waccan foldar ta `gida`. Ka kuma maye gurbin `root.report_callback_exception` da aikinka mai rubuta kuskure a fayil ɗin, domin Tkinter yana tura kurakuran maɓallai ne zuwa `stderr`, inda babu mai gani. Na zaren aiki kuma `threading.excepthook` ke kama su.

Batun haruffa: Windows ɗin da aka saita da Ingilishi tana amfani da tsarin cp1252 idan ba ka faɗi wani ba, kuma babu ƙ, ɗ, ɓ, ƴ a cikinsa. A UTF-8 harafin ƙ baiti biyu ne, C6 da 99. Cp1252 ya karanta su ɗaya-ɗaya ya ba ka Æ da ™. Haka ɗ ke zama "É—". Bayananka ba su lalace ba, karatun ne ya karkace. Duk `open()` ka sa masa `encoding="utf-8"`, wanda za a buɗe da Excel kuma `encoding="utf-8-sig"` tare da `newline=""`, don Excel sai ya ga wannan alamar a farkon fayil yake gane UTF-8 ne.

Akwai wadda ba ka kai gare ta ba tukuna: `LIKE` da `NOCASE` na SQLite haruffan A zuwa Z kaɗai suke daidaita babba da ƙarami. Wanda ya nemi "ƙwai" ba zai ga "Ƙwai" ba. Ka ƙara shafi guda a teburin ka riƙa ajiye `suna.casefold()`, bincike ya bi ta kansa.

Ɗan_Kurmi:

Allah Ya saka da alheri, Injiniya da Malama. Shigo da kaya yanzu ƙiftawar ido ne, bayanai kuma sun daina ɓacewa. A kwamfutar kantin saƙon da ya fito shi ne babu `api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll`. Windows 7 ce a kai. In sauko da fayil ɗin daga intanet in saka? Sannan suna son kwamfuta biyu su yi aiki da rumbu ɗaya, ina tunanin in ajiye `kanti.db` a foldar da aka raba ta hanyar sadarwar kantin.

Malama_Kod:

A'a, kada ka sauko da DLL daga shafukan nan, hanyar shigar ƙwayar cuta ce. Dalilin saƙon shi ne daga 3.9 zuwa sama Python ya daina tafiya a Windows 7, kuma PyInstaller Python ɗin da ke kwamfutarka yake naɗewa a cikin exe. Mafi kyau a ɗaga kwamfutar, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020. In ba hali, saka Python 3.8.10 a gefe, ka buɗe masa `venv` nasa, wato keɓaɓɓen wurin aiki, ka haɗa daga ciki. Ka sani shi ma 3.8 an daina yi masa gyara tun Oktoban 2024, kuma duk inda ka yi amfani da `match` ko rubutu irin `int | None` sai ka sauya, don bai san su ba. Duba kuma ko kwamfutar 32-bit ce. In haka ne, da Python na 32-bit za ka haɗa, exe na 64 ba zai tashi a kanta ba.

Injiniya_Zazzau:

Na foldar da aka raba, ban ba ka shawara ba Malam. SQLite ya dogara da kulle fayil ne don hana mutum biyu rubutu lokaci guda, kuma kullen ta hanyar sadarwa ba abin dogaro ba ne. Da farko za ka fara ganin "database is locked" bayan jiran daƙiƙa 5, in aka yi rashin sa'a waya ta zare ana cikin rubutu, fayil ɗin ya lalace. `journal_mode=WAL` da ke rage wannan kullen a kwamfuta ɗaya, shi ba ya aiki sam tsakanin kwamfutoci biyu.

Saka PostgreSQL, rumbun bayanan da kwamfutoci da yawa ke iya aiki da shi tare, a ɗaya daga cikin kwamfutocin, ka ba ta adireshin IP da ba ya canzawa, ka gyara `listen_addresses` a `postgresql.conf`, ka ƙara layin ɗaya kwamfutar a `pg_hba.conf`, ka buɗe tashar 5432 a katangar tsaron Windows (firewall) ga cikin kantin kawai. A kod ɗinka alamar `?` za ta koma `%s` in da psycopg za ka haɗa Python da PostgreSQL. Wadda ba Windows 7 ba ita za ta riƙe rumbun, kuma a sa mata UPS.