Neman kalma: radiyeshan a ɗakin zura wa yara bututun zuciya

Maman Ummi: Assalamu alaikum. Ina fassara takardar faɗakarwa ta ma'aikatan jinya, gobe da safe za a karɓa. Batun ɗakin nan ne da ake zura wa yara siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuciya, a toshe huda ko a buɗe hanyar da ta tsuke, likita na kallon komai a allo da na'urar hoto. Me zan kira radiyeshan ɗin da ke samun ma'aikata? Na sa "tururi" amma raina bai kwanta ba.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ai a rediyo tururin nukiliya ake cewa, kowa zai gane.

'Yar Nas: Don Allah Anti ki cire tururi. Tururi cika ɗaki yake, a shaƙe shi, a buɗe taga ya fita. Wannan kuwa da likita ya ɗaga ƙafa daga fedar na'urar hoton, shi ke nan ya ɗauke. In kika ce tururi sabuwar ma'aikaciya za ta ɗauka takunkumin fuska ya wadatar, alhali abin da ke kare ta rigar dalma ce, da abin wuya, da tabarau, da ja da baya. Mafi yawan abin da ke samun mu daga jikin yaron yake fantsamowa, ba daga bakin na'ura kai tsaye ba. In kika ninka tazararki, abin da zai same ki ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da jariri kuma dole a matso, ga mai ba da maganin barci tsaye a kansa.

Baban Khalifa: To "gashi" fa, kamar na masu ciwon daji?

'Yar Nas: A'a, wancan magani ne. Iyaye su ji an ce gashi a ɗakin da ɗansu yake, hankalinsu zai tashi.

Malam Na Sarfu: Tsirkiya. Na sha faɗa a nan. Miƙaƙƙiya ce kamar tsirkiyar baka, jam'inta ma a shirye. Masu Suwahili suna da "mionzi", mu kullum sai aro, kamar harshenmu ya talauce.

Baban Khalifa: Allah gafarta Malam, asibiti da likita ma ai aro ne, kuma sun zama 'yan gida.

Malam Na Sarfu: Kakanninmu sun sarrafa su har suka zauna a bakin Bahaushe. Radiyeshan kwashe shi kuka yi ɗanye. Kasala ce, da ganin cewa sai an yi Turanci ake zama ɗan boko.

'Yar Nas: Malam, ba raini ba ne. A 2011 hukumar ICRP, mai ba da shawara kan kariya daga radiyeshan a duniya, ta rage iyakar abin da idon ma'aikaci zai ɗauka a shekara daga milisibat (ma'aunin radiyeshan) 150 zuwa 20, saboda yanar ido da ake gani a masu wannan aiki. Wanda zai karanta takardar nan idonsa ake so a tsirar. In ya ga tsirkiya ya tuna kwari da baka, an yi asarar faɗakarwar.

Malam Na Sarfu: 'Yata, in ba a fara rubuta kalma ba yaushe za a saba da ita?

Maman Ummi: Na gode muku. Ga abin da zan yi: radiyeshan a kanun takarda, sai bayani a ƙasa, "hasken na'urar hoto da ido ba ya gani". Fantsamowa na ɗauka, rigar dalma ma haka. Malam, tsirkiya zan sa ta inda ake maganar abin da ke fita daga bakin na'ura a miƙe.

Malam Na Sarfu: Wuri ɗaya tak. To, ba don na gamsu ba.

Maman Ummi: Saura ɗan abin nan da ake maƙalawa a wuya, a saman riga, mai auna abin da mutum ya ɗauka. Ma'auni kawai zan ce?

'Yar Nas: Mu "baji" muke ce masa. Ki sa ma'auni, ki bi shi da baji.