Zuma a cikin wuski: kasuwanci ne ko tarkon matasa?

Baban Yara: Assalamu alaikum jama'a. Kusan kowace shekara sai kamfanonin giyar wuski na Amurka da Kanada sun fito da sabon ɗanɗano. Jack Daniel's ya kawo mai zuma a 2011, Crown Royal ya biyo da mai tuffa a 2014, ga Fireball mai kirfa, har da Skrewball da aka fara a 2018 mai ɗanɗanon markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Ni dai a ganina wannan zaƙin tarko ne aka ɗana wa matasa. Tsohon mashayi ba ya bukatar a ɓoye masa ɗaci.

Mai Shago: Wa alaikumus salam. Alhaji, ina ruwanmu da ɗanɗanonta? Abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Magana ta ƙare.

Malamar Jinya: Hukunci kam ya ƙare, Malam, amma tarbiyya ba ta ƙare ba. Uwar da ta san giya da wari kawai, yaya za ta gane kwalbar da ke ƙamshin alewa a jakar ɗanta?

Ɗalibi a Skotlan: Baba, a yi mini afuwa, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Ni ba na sha, amma a nan sana'ar gari ce, dole kunne ya ji. Dokarsu ta 2009 ta ce ba a kiran abu wuskin Skotlan sai ya shekara 3 aƙalla a gangar katako, ƙarfinsa bai gaza kashi 40 cikin 100 ba, kuma ba a ƙara masa komai sai ruwa da ɗan launi. Da zarar an zuba zuma ya rasa sunan. Masu zaƙin nan lissafin riba suke yi. Sukari na rufe aibin giyar da ba ta daɗe a ganga ba, kuma yana jawo manyan da ba sa son ɗaci. Ƙarfinsu ma ya ragu: mai zumar kashi 35 ne, Fireball kashi 33. A Amurka kuma sai mai shekara 21 ake sayar wa.

Baban Yara: Ɗana, idan zaƙi ba ya jan yara, me ya sa Amurkar ta hana sigari mai ɗanɗanon 'ya'yan itace da alewa a 2009? Me ya sa Jamus ta ɗora haraji na musamman kan giya mai zaƙi irin ta lemo a 2004, ta kuma rubuta a dokar cewa don kare matasa ne?

Malamar Jinya: Ƙanena, ragin kashi biyar ɗin da ka ambata bai kwantar mini da hankali ba ko kaɗan. Ɗaci da ƙunar maƙogwaro su ke sa mai gwajin farko ya tofar, ko ya tsaya a kurɓa ɗaya. Idan aka cire su, sai ya riƙa kwankwaɗa da sauri, maye ya cim masa kafin ya ankara. Hanta kuwa ba ta san zuma ba, barasar take gani. Amma Alhaji, kai ma akwai inda zan saɓa maka. A nan gida ba kwalbar Amurka mai tsada ke cin yaranmu ba. Giyar leda ce, wadda kuɗin tara na makaranta ke saye, a cusa ta a aljihu babu mai gani. Shi ya sa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta fara hana ta leda da ƙananan kwalabe 'yan ƙasa da mililita 200 a Fabrairun 2024, bayan wa'adin shekara 5 da aka ba kamfanoni tun 2018. Masu masana'antu da ƙungiyoyin ma'aikata suka yi ca, aka yi ta jan ƙafa.

Ɗalibi a Skotlan: To ai Anti, kin zo wurina. Araha da ƙanƙantar mazubi ne matsalar. A Amurka ma an maka masu Fireball a kotu a 2023 kan 'yan ƙananan kwalabe da ake sayarwa ƙasa da dala ɗaya a gidajen mai, waɗanda ba wuski a cikinsu, sai kamannin sunan.

Baban Yara: Ka faɗa da bakinka. Cikin duk kayansu, wanne suka zaɓa suka zuba a 'yar kwalbar dala ɗaya? Mai zaƙin kirfa. Ba su zuba mai ɗacin ba.

Mai Shago: Ni abin da na gani a kasuwa, wasu ledojin sun yi kama da na maganin gargajiya, har da zanen saiwoyi. Hajiya, idan an kawo wa mutum irinsu, ina zai duba ya gane?

Malamar Jinya: Ka duba jikin ledar, za ka ga lamba da alamar kashi cikin ɗari kusa da harufan ALC ko VOL. In ka gan su, da barasa a ciki.